Aron Taken Madawaki

A zamanin Sarki Anaruwa, sa'ad da ƙasar Tarmagi take da ganuwa mai tsawo da rundunar da maƙwabta ke shakka, mutum yakan sami tutar yaƙi ta hanyar gado ko ta hanyar mashinsa. Jatau ne kaɗai ya same ta ta hanyar wushirya.

Madawaki Bagudu, wanda duk dawakin ƙasar ke ƙarƙashinsa, ɗa namiji guda Allah ya ba shi, Cindo, kibiya kuwa ta ɗauke shi a wani ɗan hari da bai ma kai a raɗa masa suna ba. Bayan wasu shekaru wani saurayi ya rako dawakin gaisuwa daga ƙauye, wani abu ya ba shi dariya a ƙofar gidan Madawaki, tsoho ya ɗaga kai ya ga wushirya irin ta Cindo sak. Goron da ya ɓara bai kai bakinsa ba ranar. Kafin damina ta zagayo, Jatau ya sami doki da sulke da ɗaki a cikin gidan. Kafin ta sake zagayowa ya sami tuta. Duk birni ya san dalili, ba kuwa wanda ya furta, don mutanen Tarmagi suna da kunya a kan abin da ya shafi mamaci, balle idan uban mamacin ne ke raba dawaki.

Tunau kuwa mai jiran kaya ne. Ya shigo gidan Bagudu tun gemunsa bai tsiro ba, ya yi ta bin sa yaƙe-yaƙe, har yana da tabon mashi a cinya da wani a haƙarƙari. Wata shekara mai kula da guzurin runduna ya kwanta ciwo, aka ce Tunau ya riƙe kafin ya warke. Mutumin bai warke ba, Tunau kuma ya yi kuskuren da ba a gafartawa a fada: an ba shi aikin da kowa ke gudu, ya yi shi da kyau. Ba jakin da ya ɓata, ba taikin geron da ya jiƙe. Saboda haka duk sa'ad da runduna ta fita, sai a bar shi a baya da takarkarai da jakuna da masu dafa abinci, yana jiyo yaƙi daga nesa kamar bikin da ba a gayyace shi ba. A nan furfura ta same shi. Abu ɗaya yake so kafin hannunsa ya gaji da mashi, a ba shi mutane ya kai su gaba, ko da sau ɗaya ne.

A Tarmagi tuta da takenta take zuwa. Kowane mai tuta yana da kiɗan da makaɗinsa ke buga masa a baya, domin in yaƙi ya kacame ba mai ganin ƙyalle, kunne ake bi. Taken Madawaki kuwa shi ne na runduna duka. In ya yi gaba kowa ya yi gaba, in ya ja baya kowa ya ja baya. Makaɗi ba ya rabuwa da wanda aka ɗora shi a bayansa, ba ya kuma tsai da kiɗa muddin mutumin yana numfashi, don shirun ganga sanarwar mutuwa ce. Haka aka gada, an kuwa daɗe ana cin nasara da shi.

Da kaka ta ƙarato, gero na tsaye a gona, sai manzo ya iso daga gabas a kan doki mai kumfa a baki. Ya faɗi gaban Sarki ya ce Bargajawa, maƙiyansu na gabas, sun taso, sun ƙone ƙauyukan hayin Gulbin Maje, suna jiran ruwa ya ƙara janyewa su ƙetaro. A safiyar nan kuma ungulaye sun jeru a kan Ƙofar Gabas. Aka kira mai duba na fada, ya zana ƙasa, ya share, ya sake zanawa, sannan ya ce alamar a fili take, mutane da yawa za su mutu. Da aka tambaye shi namu ko nasu, ya ce ungulayen ba su fayyace ba. Aka ba shi riga.

Waziri Arzika ne ya buɗe shawara. Shi da Madawaki sun daɗe suna gaisawa da fara'a irin ta waɗanda kowannensu ke jiran jana'izar ɗan'uwansa.

"Allah ya ja zamanin Zaki," in ji Waziri. "Kakanninmu ba don ado suka gina ganuwar nan ba. A kwaso talakawa da abin da za a iya girbewa, a rufe ƙofofi. Bargajawa ba su da haƙurin zama wuri ɗaya. Yunwa za ta kore su, mu ko takobi ba mu zare ba."

Madawaki ya gyara zama. "Allah ya taimaki Sarki. Waziri ya yi magana irin ta masu hankali, ni kuwa ba don hankali aka naɗa ni ba. Geron da ke tsaye tsakanin nan da gulbi shi ne tuwon bana. In muka shiga ganuwa, mu ne za mu ji yunwa, muna leƙensu ta saman katanga suna girbe mana. A ƙetare gulbi a tare su a hayi, kafin kofaton dokinsu ya taɓa gona ɗaya."

Sauran sarakuna suka yi magana bi da bi, kowa ya goyi bayan wanda ya fi kusa da shi a zama. Sarki ya saurara har aka gama, sannan ya ce, "Madawaki, ka ƙetare."

Tunau yana can ƙarshen zaure inda masu jiran umarni ke tsugunawa. Da fada ta tashi, Waziri ya rage tafiya daidai inda yake.

"Tunau na Bagudu. Har yanzu kai ne da jakuna?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ba su kai ƙarata ba tukuna."

Waziri ya yi murmushi, ya sassauta murya. "Ina nan ranar da aka kawo ka da mashi a cinya. Lokacin yaron nan mai haƙora yana ƙauye yana kiwon awaki. Sarki bai san wannan ba, don ba mai kai masa. In ni na faɗa, a ce gaba ce tsakanina da uban gidanka. Amma in ɗan gida ya buɗe baki ya ce ana raba tuta da son zuciya, dole a saurara. Akwai tuta a ajiye, Tunau, na kuwa san inda take."

"Na gode, ranka ya daɗe. Sai dai tuwon gidan nan na ci har na yi furfura. In zan yi ƙorafi, mai gidan zan fara yi wa."

"Ka taɓa yi masa?"

Tunau kuwa bai taɓa ba. Duk tsawon shekarun nan ya ɗauka cewa in mutum ya yi aiki, za a gani. Maganar Waziri ta bi shi har gida kamar ƙaya a tafin ƙafa.

A Tarmagi bara ba ya roƙon muƙami da bakinsa. Yakan aika aboki, aboki ya aika liman, liman ya yi zancen a fakaice bayan salla, har a rasa wa ake nufi. Tunau ya tsallake duk wannan. Da la'asar ya sami Madawaki a barga, ya duƙa yana duba ƙafar wani doki.

"Baba, ina da magana."

Ya daɗe bai kira shi da wannan sunan ba. Tsoho bai ɗago ba.

"Gero ne ya kasa?"

"Gero ya isa. Tuta nake so."

Madawaki ya saki ƙafar dokin, ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu. "Tuta."

"Ko ba tuta ba, ka ba ni mutane kaɗan in riƙe wani gefe. Kai ka koya mini riƙon mashi, ka san hannuna. In na kasa, ka mayar da ni wurin jakuna, ba zan sake magana ba."

"To wa zai jira kaya?"

"Akwai waɗanda na koya wa."

"Tunau, ni in na san kai ne a bayana, ba na waiwaye. Ka san girman wannan ga mai yaƙi?"

"Na sani, Baba. Shi ya sa ba ka ganina."

Tsoho ya dube shi, duba na sosai, kamar wanda ya tarar da baƙo a ɗakinsa. Ya ga furfurar, da alama ta ba shi mamaki. Bakinsa ya motsa kamar zai amince. Sai ya ce, "Bari mu dawo daga wannan." Tunau kuwa ya san cewa a fada cikin wannan kalmar ake binne buƙatu.

Ana haka Jatau ya shigo da sallama. Fuskar Madawaki ta sake nan take, kamar an buɗe taga a ɗaki mai duhu.

"Zo nan, ɗana. Hannun hagu naka ne a wannan fita. Kuma Sogiji zai bi ka da gangata."

Sogiji shi ne makaɗin Madawaki, tare suka tsufa. Dariyar da Jatau ya shigo da ita ta ɗauke.

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, taken runduna ne fa."

"Na san na wane ne. Bargajawa sun san kiɗan nan, da shi uwayensu ke tsorata su. In suka ji shi a hagu za su kauce, su taru a tsakiya, inda nake jiran su."

Dabara ce mai daɗin faɗa a majalisa. Abin da take nufi a ƙasa shi ne, mayaƙan Bargajawa za su bar yaro su zo kan tsoho. Tunau ya gane, haushinsa ya gauraya da wani abu mai kama da tausayi.

"In fa taken ya ja baya?"

"Takena bai taɓa ja da baya ba."

"Don a bayanka yake, ranka ya daɗe."

"Je ka duba gero, Tunau."

Mashigin Gulbin Maje wuri ɗaya ne, wata 'yar hanya ta yashi tsakanin gaɓa biyu masu tsayi. Dawaki kaɗan ne ke iya jerawa a cikinta, hagu da dama kuwa ruwa ne mai zurfi da kadoji. A safiyar da za a ƙetare, Jatau ya dawo baya wurin masu kaya, wai majayin sirdinsa ya saki. Tunau ya sa hannu ya ji majayi lafiya lau.

"Yaya Tunau, kana jin haushina?"

"Ina ji."

"To, alhamdu lillahi. Kowa in na tambaya sai ya ce a'a." Jatau ya yi 'yar dariya marar ƙarfi. "Wallahi ban roƙa ba. Ka san wani lokaci in tsohon ya kira ni ba sunana yake faɗa ba? Ni kuma sai in amsa. Me zan yi, in tuna masa? Duk yaƙin da na je ban taɓa haɗa ido da abokin gaba ba, kullum akwai bayan wani a gabana. A dawo ana yi mini kirari, ni ina kallon ƙasa. Yau kuma ga gangar nan."

Tunau ya daɗe yana tanadin ƙiyayyar yaron nan, amma da wuya ka ƙi mutumin da ya kawo maka tsoronsa a fili. Ya kwance majayin, ya sake ɗaure shi daidai inda yake da.

"Ya ɗauru. Kada ka dubi masunsu, dubi tsakanin kunnuwan dokinka. Tsoro kuwa kowa yana ji, har shi tsohon. Kai dai ka tsaya inda aka ajiye ka."

Da hantsi runduna ta gama ƙetarewa. Tunau ya hau gaɓar gida, inda ake hango filin hayi kamar a kan faifai, ya zauna kallon yaƙi yadda ya saba.

Abin da Madawaki bai sani ba shi ne, Bargajawa sun yi sabon sarki, saurayi, wanda ya girma yana jin labarin gangar nan har ya ƙosa ya ga mai ita. Da ya ji ta a hagu, sai ya tattara barade da 'yan baka duka ya afka wa hagu. A faɗi gaskiya, Jatau ya tsaya. Ya tsaya har mashi ya same shi a kafaɗa, dokinsa ya faɗi da shi. To, ashe Madawaki ya riga ya kira wasu jarumai a asirce ya gaya musu cewa ko ƙwarzane yaron ya samu su fitar da shi. Suka bi umarni, suka saɓa shi a kan doki suka yi gulbi da shi. Sogiji ya duba ya ga yaro yana numfashi. Al'ada ta ce ya bi shi, ta kuma ce kada ya tsai da kiɗa. Ya bi, yana bugawa yana kuka.

Daga inda Tunau yake ya ga abin yana yaɗuwa. Hannun dama, wanda har ya fara korar abokan gaba, ya tsaya, ya saurara, ya juya. Dakaru suka juya. Ba wanda ya yi laifi, kowa kunnensa ya bi kamar yadda aka koya masa. A tsakiyar fili sai farar alkyabba guda, ta Madawaki, da 'yan mutane kewaye da ita, da'irar tana ƙara tsukewa.

Tunau ya gangaro da gudu. "A koro takarkarai cikin mashigi! Da jakunan, duka! A ɗaure su ƙaho da ƙaho!"

Wata tsohuwa mai dafa wa runduna ta dafe ƙirji. "Tunau, ka haukace ne? Geron fa?"

"Da shi, Inna."

"Me mutane za su ci?"

"In sun rayu ma yi shawara."

Shi ya fara ƙetarewa da mashinsa, sannan aka cusa dabbobin a bayansa da kayansu, har mashigi ya toshe daga gaɓa zuwa gaɓa. Takarkarai suna ta kuka, tayukan gero suna zamewa cikin ruwa. Mutumin da bai taɓa ɓatar da jaki ba ya tsaya yana jin guzurin runduna duka yana nutsewa a bayansa, bai waiwaya ba. Shi ma yanzu ba shi da hanyar gida.

Na farkon masu gudu suka iso, dawakinsu na haki.

"Kauce, mai kaya! Madawaki ya juya!"

"Madawaki bai juya ba, gangarsa ce ta juya. Ku duba can, ga farar alkyabba. Hanya kuwa babu. Wanda ya iya iyo da sulke, ga ruwa nan, kadoji ba su karya ba tukuna."

Suka yi cirko-cirko, na baya suna tura na gaba. Ana cikin haka jaruman nan suka iso da Jatau, Sogiji na biye. Tunau ya sa aka kwantar da yaron a gindin wata bishiya, ya warware rawaninsa ya ɗaure masa kafaɗar da ƙarfi.

"Na tsaya, Yaya Tunau," in ji Jatau, idonsa na lumshewa.

"Na gani. Ka tsaya." Ya juya. "Sogiji, mu koma."

Tsohon makaɗi ya girgiza kai, hannunsa bai daina bugu ba. "Ba zan iya ba, Tunau. A bayansa aka ɗora ni. Kai kuma ba ka da take."

"Ban ce ka yi mini kiɗa ba. Kayan aro ne a hannunka, ni kuwa mai jiran kaya ne. Zo mu mayar wa mai shi."

Sogiji ya dubi yaron da ke kwance. Jatau ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Bi shi, Baba Sogiji. Na sallame ka."

Tunau ya karɓi dokin ɗaya daga cikin jaruman, ya sa gaba, ganga a bayansa. Bai yi wa kowa jawabi ba, ba a kuwa buƙata. Taken Madawaki ya yi gaba, runduna ta yi gaba, da irin biyayyar da ta gudu da ita ɗazu. Bargajawa, waɗanda suka ɗauka an gama, sun riga sun warwatsu suna kama dawakin da ba mahayi. Suka ɗaga kai suka ga waɗanda suka kora suna dawowa a dunƙule. Kafin azahar sarkinsu ya ga mai gangar daga nesa, ya kuma gamsu, ya yi gabas da abin da ya rage masa.

Tunau ya sami Madawaki a ƙasa, dokinsa ya mutu, kwalkwalinsa ya faɗi, jini ya bushe a gemunsa. Ya sauka ya durƙusa. Tsoho ya kama kafaɗarsa.

"Ina yaron?"

Abin ya soki Tunau, ko da yake bai sa ran wata tambaya ba. "Yana da rai. Kafaɗa ce."

Madawaki ya zauna daɓas a kan ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza. Tunau ya miƙe ya tsaya a gabansa, ya baza rigarsa, don kada mayaƙa su gani.

Runduna ta koma gida da nasara da yunwa. Da aka zauna a fada, Waziri ya bari aka gama yabo, sannan ya nemi izini.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Mun gode wa Allah. Amma rundunar Tarmagi ta juya wa abokan gaba baya da rana tsaka, uwaye da yawa kuma ba za su ga 'ya'yansu ba saboda wannan juyawar. Ya kamata Sarki ya san dalili. Akwai wanda ya ga komai daga kan gaɓa. A kira Tunau."

Tunau ya tako daga ƙarshen zaure, wurin da bai taɓa wucewa ba. Kowa a wurin ya san amsar. Abin da ake buƙata kawai ɗan gida ya faɗe ta, rawanin Madawaki ya faɗi, tutar da ke ajiye ta fito. Waziri ya dube shi da fuskar mai miƙa kyauta.

"Allah ya taimaki Sarki," in ji Tunau. "Ni kaya aka ba ni jira. Abin da zan iya shaida a kai shi ne, na zubar da su a ruwa, runduna ta dawo ba ta ci ba. In akwai hukunci a kan wannan, ga ni."

"Ba gero ake tambayarka ba," in ji Waziri. "Ganga ake tambayarka."

"Ganga tana da mai ita, Waziri," wata murya ta ce, "yana kuwa zaune a nan."

Madawaki ne. Ya matso gaban Sarki da rarrafe irin na tsofaffi, ya sa goshi a ƙasa. "Zaki, ni na ba da aron takena ga yaron da bai isa ɗaukarsa ba. Ba shi ya roƙa ba. Wannan mutum ya gargaɗe ni, na ce ya je ya duba gero. Jinin da ya zuba a juyawar nan a wuyana yake. Ga rawanina."

Sarki Anaruwa ya daɗe yana kallonsa.

"Madawaki, ka ce takenka. Na kakana ne, ni na ara maka, ban kuwa ce ka ara wa wani ba. Riƙe rawaninka, ka tsufa da koyon zama da kai a buɗe. Amma daga yau ba ka ƙara ba kowa tuta. Ta yaron nan kuma a karɓe." Ya juya wajen Tunau. "Kai kuma, tun da ba ka iya jiran kaya ba, sai a nema maka wani aikin. Na naɗa ka Barde. Sogiji ya ƙaga maka take. Waziri, ina muke da buƙatar Barde?"

Waziri, wanda bai samu ganin faɗuwar rawanin Madawaki ba, ya yi tunani kaɗan. "A hayin Maje, Zaki. A gina sansani a bakin mashigi, ta ɓangaren gabas. Bargajawa za su dawo."

"Za su dawo," in ji Sarki. "Barde, ka tare su."

Fadawa suka ɗauki kirari. Tunau ya faɗi ya yi godiya, yana sane da cewa an ba shi abin da ya roƙa, an kuma ajiye shi a wurin da mashin farko zai sauka.

Da safiyar da zai tashi, yana ƙofar gidansa ana ɗaura wa dokinsa sirdi, sai ya hango Madawaki yana tahowa a ƙasa, shi kaɗai, ba zagi ba bara. Bai taɓa zuwa unguwar nan ba, har sai da ya tambayi gidan. Tunau ya yi sauri zai durƙusa, tsoho ya hana shi.

"Yaron ya ce zai bi ka in kafaɗar ta warke. Ba tuta, ba komai. Haka nan."

"Ya faɗa mini."

"Ban hana shi ba." Madawaki ya shafa wuyan dokin. "Na zo in ce ka sa shi a..." Ya tsaya. "Ban san me na zo in ce ba."

"Baba, in ya zo wurina zai yi gadi a bakin ruwa kamar kowa. Zai haƙa ganuwa, zai ci abin da aka ci. In kibiya ta zo ba zan sa kowa a gabansa ba. Ya tsaya ranar nan, na gani da idona. In aka bar shi, zai zama wani abu."

"In kuma kibiyar ta..."

"To, ni zan kawo maka labari da bakina. Ba zan aiko manzo ba."

Tsoho ya gyaɗa kai. Ya dubi mayaƙan da ke jira a bakin hanya, ya dubi tutar da ba a warware ba tukuna, sannan ya duƙa ya kama likkafa da hannu biyu.

Tunau ya ja da baya. "Ranka ya daɗe, mutane na kallo."

"Su kalla. Hau mana, Barde, hannuna ya fara gajiya."